"Mu lallaɓa, zai kai mu": yaushe dabarar gyara take zama tarko?

Mai karatu, in kana hawa motar haya tsakanin Dutse da Kiyawa ko Jahun, da wuya a ce ba ka taɓa ganin irin wannan ba. Kun wuce Shuwarin kaɗan, sai warin fetur ya cika mota. Direba ya gangara gefen titi, ya leƙa ƙarƙashi, ya dawo ya ɗauko guntun sabulu, ya ɗan jiƙa shi, ya shafe inda tanki ke ɗiga. Tiyon man da ya tsage kuma ya naɗe shi da leda, ya tamke da robar ɗaure kaya. Dattijon da ke gidan gaba ya ce, "Direba, lafiya dai ko?" Shi kuma yana goge hannu ya ce, "Lafiya lau, Baba, ɗan abu ne. Mu lallaɓa, zai kai mu."

Kuma ya kai ku. Kuka sauka lafiya, wani ma ya yaba wa direban, ya ce ai wannan da ya yi boko da injiniya ne. Gobe motar za ta sake lodi da sabulun nan a jikinta, jibi ma haka, har kowa ya manta cewa an shafa shi ne don a ƙarasa 'yar tafiyar da ta rage a ranar.

Wannan rubutu suka ne ga wannan ɗabi'a, da kuma yabon da muke yi mata, musamman a Facebook da TikTok inda hotunan irin wannan gyara ke yawo ana cewa "ga basirar mutanenmu". Amma fa ba kowane gyaran wucin gadi muke suka ba. Akwai dabarar da in ta gaza kuɗi kawai za a yi asara, akwai kuma wadda take cire ainihin abin da aka sa don ya kare rai. A ido kamarsu ɗaya, shi ya sa muke haɗa su mu tafa wa duka. Ana iya koyon bambance su, kuma abin da muke so mu yi tare ke nan.

Mu fara ba dabara haƙƙinta

Sabulun direban nan ba camfi ba ne. Sabulu yana narkewa a ruwa, amma ba ya narkewa da sauƙi a fetur, don haka yana iya toshe ƙaramar ɓula na ɗan lokaci. Direban ya san wani abu na gaskiya game da sinadarai, ko da bai san sunansa ba. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne girgizar hanya tana tsaga sabulun, kuma kududdufi ɗaya na damina ya isa ya wanke shi.

Mu a Jigawa muna da hujjar cewa dabarar gida tana iya zama abin alfahari. Marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a nan Dutse, ya ɗauki tukwanen ƙasa biyu, ya sa ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yashin ke bushewa yana jan zafi daga tukunyar ciki, sai kayan gwari da kan lalace cikin kwana 3 su kai makonni. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Yanzu ka yi wa tukunyar Bah Abba tambaya ɗaya: in ta gaza, me zai faru? In an manta ba a zuba ruwa ba, tumatir ya ruɓe. Iyakar asarar ke nan. Riƙe wannan tambaya, domin ita za mu riƙa yi wa sauran gyare-gyaren da ke tafe.

Kuma kada mu yi kamar ba mu san halin da ake ciki ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin kayan gyara ya tashi sosai. Direban da ke biyan balas kullum, da mai shagon da ribarsa ba ta wuce cefanen yini ba, ba don ganganci kawai suke lallaɓawa ba. Sai dai wuta ba ta tambayar dalilinka kafin ta kama.

Fis: an yi shi ne don ya ƙone

Bari mu fara daga gida. Fis ya ƙone a shagonka ko a gidanku, ka sa wani, ya sake ƙonewa. Sai mai gyara ya ce, "Fis ɗin yanzu ba su da ƙarko, bari in sa maka abin da ba zai sake yankewa ba." Ya warware igiyar waya, ya naɗa zaren jan ƙarfe masu kauri a gurbin fis ɗin. A mota kuwa har takardar sigari mai ƙyalli ake cusawa. Wuta ta dawo, ka yi godiya.

To ga abin da ya faru a zahiri. Duk wayar da lantarki ke bi tana ɗumama, kuma zafin ba ya ƙaruwa daidai da daidai. In wutar da ke gudana ta ninka sau 2, zafin yana ninkawa sau 4. In ta ninka sau 3, zafin sau 9. Wutar gidajenmu volt 230 ce, kuma fis ɗin fulogi mai baki uku yawanci amp 13 ne, wato yana ɗaukar kaya na kusan watt 3,000. Ka jona hita da dutsen guga da rishon lantarki a soket ɗaya, ka wuce wannan iyaka. Fis siririyar waya ce da aka auna da gangan don ta narke kafin wayar cikin bango ta yi zafi. Ƙonewarsa ita ce aikinsa. Yana gaya maka ne cewa kaya sun yi yawa, ko kuma wani wuri wayoyi suna taɓa juna.

Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085 a ma'aunin Salshiyas. Robar da ta lulluɓe wayar gida kuwa, an yi ta ne don ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 70 ba. Ka ga ke nan, da ka sa kaurin jan ƙarfe a gurbin fis, sai wurin da ya fi rauni ya tashi daga cikin akwatin fis, inda kake gani, ya koma cikin silin da bayan labule, inda ba ka gani. Robar ce za ta yi laushi, ta ƙone, ta kama katakon rufi, sau da yawa cikin dare.

Haɗin waya da ake murɗewa da hannu a naɗe da baƙar leda ma haka. Haɗin da bai kama sosai ba yana yi wa wuta turjiya. In turjiyar nan rabin ohm ce kacal, kuma amp 10 ke bi ta wurin, lissafi ya ba da watt 50 na zafi a wurin da bai fi ƙwayar wake ba. Wannan ya kai zafin ƙarfen da mai gyaran rediyo ke narka dalma da shi. Leda kuwa tana narkewa a ɗan sama da digiri 100. Abin tsoron shi ne, ko lafiyayyen fis ba zai yanke a nan ba, domin amp 10 bai wuce ƙa'ida ba. In ka ji soket yana ɗumi, ko warin ƙonewar roba, ko ka ga fulogi ya yi baƙi, kada ka ce sai gobe.

Sai kuma wata dabara da ta zama ruwan dare: waya mai fulogi a kowane ɓangare, ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango, don a guje wa kuɗin makunnin sauya layi, wanda masu waya ke kira canji-oba. In aka manta ba a cire layin KEDCO ba, wutar janaretanka za ta bi waya ta fita waje. Taransifoma kuwa tana aiki ta kowane ɓangare: yadda take sauke volt 11,000 zuwa na gida, haka za ta iya ɗaga naka zuwa dubbai. Ma'aikacin da ya hau turke yana ganin layi a kashe yake, shi ne zai karɓa. Bai san ka ba, bai kuma amince da wannan caca ba.

Birki da ruwan omo

Mu koma kan titi. Man birki ya tsiyaye, babu na saya a kusa, ko kuma akwai amma da tsada. Sai a kaɗa ruwa da garin omo a zuba. Direba ya taka, ya ji birki ya kama, ya ce ai ga shi nan. Gaskiya ne zai kama, domin ruwa ma ba ya matsuwa, yana isar da ƙarfin ƙafarka zuwa tayoyi kamar yadda man yake yi. A tashar mota, da sanyin safiya, ba za ka ga bambanci ba.

Bambancin yana jiran zafi. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudunta zafi. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa, in ta tsaya cak, zafin da ke fita daga birkinta cikin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya kai kusan lita 2 na ruwa ga tafasa. Ƙara mata fasinjoji da buhunan riɗi daga kasuwar Gujungu, ga ranar watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Man birki na ƙwarai, mai lambar DOT 3, ba ya tafasa yana sabo sai an kai digiri 205, mai lambar DOT 4 kuma sai 230. Ruwa yana tafasa a 100. Da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa kamar soso. Direba ya taka, feda ta tafi har ƙasa, mota ba ta ko rage gudu ba. Wato birkin yana aiki a duk lokacin da ba a matsa masa ba, ya ƙi a daidai lokacin da ake neman sa da gaske. Ban da haka, ruwan yana cin ƙarfen ciki da tsatsa a hankali.

Ƙaninsa shi ne "kashe ƙafa ɗaya": bututun birkin taya ɗaya yana yoyo, sai a danne shi da filaya ko a toshe da ƙusa. Mota tana tsayawa, amma da ƙafa uku. Ran da aka taka birkin gaggawa, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya riƙo, sai ta fizge gefe. In akuya ce ta shigo titi, sai a tsinci kai a hannun motar da ke tahowa.

Taya ma tana da nata. Facin da aka yi a tafin taya, in ƙaramar ɓula ce kuma an yi shi daga ciki, gyara ne karɓaɓɓe. Faci a gefen taya kuwa, ko ɗinkin da ake yi wa wadda ta tsage, wani abu ne daban, domin gefen ne ke lanƙwashewa ya miƙe a kowane juyi. Ka kuma koyi duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a jikin taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2317, an yi ta a mako na 23 na 2017, komai kyan zanenta.

Ba ruwan fetur ke kamawa ba, tururinsa ne

Mutanen Jigawa ba sa buƙatar a ba su labarin abin da fetur ke yi. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura. Mai ya malale, jama'a suka taru, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu a kwanakin farko, daga baya adadin ya haura 180. Allah Ya jiƙansu. Majiya ba labarin gyara ba ne, amma ta nuna mana ƙarara wani abu da kowane mai walda da kowane bakanike ya kamata ya haddace.

Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafinmu. Tururin ya fi iska nauyi sau 3 zuwa 4, don haka ba ya tashi sama, kwanciya yake yi, ya bi lambatu da ramuka. In ya kai kashi 1.4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Lita ɗaya tak, in ta ƙafe, tana iya mayar da sama da lita 10,000 na iska abin fashewa, wato kusan cikin ƙaramin shago. Wutar tana iya kamawa nesa da inda man yake, ta biyo tururin ta dawo.

Wata uku bayan Majiya, a ranar 18 ga Janairu, 2025, wata tankar ta kife a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. A nan dabara ce ta shigo kai tsaye: rahotanni sun nuna an kawo janareta don a juye man zuwa wata tanka. Janareta inji ne mai tartsatsi da salansa mai zafi, an kuma kunna shi a tsakiyar tururin fetur. Sama da mutum 80 suka rasu.

Irin wannan yana faruwa a ƙaramin sikeli a garejojinmu. Tanki ya ɓule, sabulu ya gaji, sai a kai wa mai walda. A juye man, a ce ai babu komai a ciki. Alhali tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari. A cikin tanki mai mai, tururi ya yi yawa har iskar da wuta ke buƙata ba ta isa ba. Da an juye, iska ta shiga ta gauraya da ragowar tururin, sai ya faɗa daidai ma'aunin fashewa. Ɗauraye shi da ruwa sau ɗaya ba ya fitar da man da ya maƙale a saƙo-saƙo.

Tukunyar gas ɗin girki ma 'yar gidan ce. Gas ɗin ya fi iska nauyi, kuma lita ɗaya ta ruwansa tana komawa kusan lita 250 na iska mai kama wuta. Tiyon da aka naɗe da salatif, da kan tukunyar da aka danne da dutse don ya daina huci, suna tara gas ne a ƙasan kicin har sai an ƙyasta ashana. Warin da kake ji da gangan aka sa shi don ya gargaɗe ka. Gwajin yoyo kuwa da kumfar sabulu ake yi, ba da ashana ba. A nan sabulu ya yi rana.

Yanzu kuma ga motoci masu amfani da iskar CNG suna shigowa. Iskar tayar ƙaramar mota matsinta kusan bar 2 ne. Tukunyar CNG bar 200 take ɗauka, ninki 100 ke nan, kuma matsin tukunyar girki bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. A watan Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan sayar da CNG a birnin Benin, hukumomi suka ce tukunyarta haɗin walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. In wani ya ce zai haɗa maka a rabin kuɗi, ka tuna araha ba ta ado.

"Ai shekara nawa muna yi ba abin da ya faru"

Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi a bakin mai lallaɓawa, kuma ita ce ta fi rauni a ma'aunin kimiyya. Abin da ke da yiwuwar faruwa sau ɗaya cikin dubu, za ka iya yin sa sau ɗari tara ka tsira, kuma kowace tsira sai ta ƙara maka ƙarfin gwiwa. Haɗarin bai ragu ba ko kaɗan, tsoronka ne ya ragu. Wata masaniyar halayyar jama'a a Amurka, Diane Vaughan, da ta nazarci fashewar kumbon Challenger na 1986, ta nuna yadda ƙwararrun injiniyoyi suka riƙa ganin alamar matsala, kumbo yana dawowa lafiya, har matsalar ta zama abin da aka saba da shi. Mu da Hausa mun riga mun taƙaita: sabo turken wawa.

Kada kuma ka ɗauka wannan ciwon talaka ne ko na wanda bai yi boko ba. A garin Flixborough na Ingila, a 1974, ɗaya daga manyan tukwanen ƙarfe shida na wata masana'antar sinadarai ta tsage. Don kada aiki ya tsaya, aka cire ta aka haɗa bututun wucin gadi a gurbinta. Zanen bututun da alli aka yi shi a daɓen ɗakin aiki, ba a yi cikakken lissafin ƙarfin da zai ɗauka ba. Ya yi aiki wata biyu lafiya. A ranar 1 ga Yuni masana'antar ta tarwatse, mutum 28 suka mutu.

A Japan, wani jirgin Boeing 747 ya bugi ƙasa da wutsiyarsa a 1978. Aka gyara bangon baya da ke riƙe matsin iskar cikin jirgi, amma a wani sashe layi ɗaya na ƙusoshi ne ya ɗauki nauyin da aka tsara wa layi biyu. Jirgin ya tashi ya sauka sama da sau 12,000. Kowane tashi yana ƙara tsagewar da ido ba ya gani. A ranar 12 ga Agusta, 1985, bangon ya ɓalle, mutum 520 suka mutu. Shekara 7 ana cewa ba abin da ya faru.

Ƙarfe yana gajiya, roba tana bushewa, tsatsa tana ci. Duk waɗannan a hankali suke tafiya kuma a ɓoye. Shi ya sa daɗewar mugun gyara ba shaidar ingancinsa ba ce, sau da yawa ma alama ce ta cewa ranarsa ta matso. In ranar ta zo kuma, sai mu ce tsautsayi ne, mu rufe magana. Mun yarda da ƙaddara, amma malamanmu kullum suna tunatar da mu cewa dogaro ga Allah ba ya hana riƙo da sababi. Kalmar tsautsayi, yadda muke amfani da ita, tana hana mu tambayar wa ya sa jan ƙarfe a gurbin fis, don haka gobe wani ya sake sawa.

Dabarar da ta san iyakarta

Akwai gyaran wucin gadi da duniya ke alfahari da shi. A watan Afrilun 1970, kumbon Apollo 13 ya samu matsala a hanyarsa ta zuwa wata. Mutum uku suka koma ƙaramin sashen kumbon, iskar da suke fitarwa ta fara taruwa za ta kashe su. Matatun iskar da suke da su masu kusurwa huɗu ne, gurbin kuwa zagayayye. Da leda da kwali da tiyo da salatif aka haɗa su, kayan da ba su fi na direbanmu na Shuwarin daraja ba.

Bambancin ba a kayan yake ba. Injiniyoyi a ƙasa sun fara haɗa irinsa sun gwada kafin su ce a yi. Akwai ma'aunin da ake dubawa don a ga ko yana aiki. Kowa a cikin kumbon ya san halin da ake ciki. Kuma na 'yan kwanaki ne, da aka sauko aka bar shi. Ba wanda ya ce tunda ya yi aiki a sake tashi da shi.

Direbanmu da ya shafa sabulu a daji don ya fitar da fasinja daga hanya zuwa gari mafi kusa, yana tafiya a hankali, ya kuma gaya musu gaskiya, ba mu da ta cewa a kansa. Laifin yana farawa ne washegari da safe, lokacin da ya shiga layin lodi.

Laifin wa?

Abu ne mai sauƙi a ɗora wa bakanike komai, amma ba adalci ba ne. Sau nawa ya ce maka, "Alhaji, wannan sai an canza," ka ce masa, "Malam, yi maneji dai, wata bai yi ba"? Ya san in ya ƙi, na kusa da shi zai yi. Mu masu kaya muna da kaso babba.

Kasuwa ma tana da nata. Wanda ya sayi sabon fis ko sabon man birki ya tarar jabu ne, an koya masa cewa bin ƙa'ida asarar kuɗi ce. Nan aikin hukumar SON yake. Duba wayoyin gine-gine aikin NEMSA ne, duba lafiyar mota kuma na jami'an VIO da FRSC. Dubawar da ta tsaya a kan takarda ba ta ganin ruwan omo a cikin birki.

Mu masu bincike ma ba mu fita ba. Ga Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, ga kwalejojin fasaha a Dutse da Kazaure, amma yawancin abin da muka sani da Turanci yake, a rufe cikin littattafai. Yaron da ke koyon walda ko gyaran waya a wurin maigidansa yana koyon yadda ake yi, da wuya a gaya masa dalili. Bayanin awa ɗaya da Hausa a taron ƙungiyar makanikai ko ta direbobi, kan tururin fetur da tafasar man birki, ba ya cin kuɗin kirki.

Kafin ka ce "a lallaɓa"

Ka yi wa kowane gyara waɗannan tambayoyi:

1. In ya gaza, me zai faru? In amsar ita ce kayan zai daina aiki, kamar ƙafar kujera ko murfin fanka, lallaɓa abinka. In amsar wuta ce, ko fashewa, ko rasa birki ko sitiyari, tsaya.
2. Abin da ake cirewa ko ake toshewa, aikinsa kariya ne? Fis, bireka, wayar ƙasa, bawul ɗin tukunya, fitilar gargaɗi a gaban direba. Abin da ke "damun ka" da yankewa yana ba ka labari ne. A nemo dalilin yankewar.
3. Zai ba da alama kafin ya gaza, ko farat ɗaya zai tafi?
4. Wa zai ɗauki haɗarin, kuma ya sani? Fasinja, maƙwabcin shago, yaran da ke barci a ɗaki, ba a shawarce su ba.
5. Yaushe za a cire shi? In ba ka iya faɗin rana ba, ba wucin gadi ba ne. Rubuta ranar a jikin bango ko a wayarka.

In kana cikin mota ka ji warin fetur bai tafi ba, ko ka ga direba yana famfa birki sau uku kafin ta tsaya, kana da ikon cewa, "Direba, don Allah sauke ni a nan." Za a yi maka kallon matsoraci, wataƙila kuɗin motarka ma ya tafi. Ka sauka dai. Yau da daddare kuma, kafin ka kwanta, ɗauki tocila ka buɗe akwatin fis ɗin gidanku, ka duba da ido kawai, kada ka taɓa. In ka ga jan ƙarfe a naɗe inda fis ya kamata ya kasance, kira mai waya gobe da safe.